Baƙunta a Libaful: Abin da Idona Ya Gani

Tun da na dawo daga karatun shekara ɗaya a Libaful ta ƙasar Ingila, tambayar da mata suka fi yi mini ita ce, "Yaya kika iya?" Wasu su ke son tafiya, wasu kuwa 'ya'yansu ko ƙannensu ne za su tafi. To ga amsar, gwargwadon abin da na gani.

Bari in fara miki da abu mafi nauyi. Daga Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu, sai masu karatun bincike irin na digirin digirgir da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Saboda haka da na tafi a Satumbar 2024, yarana uku na bari a hannun maigida da mahaifiyata, autar tana da shekara huɗu. Kafin ki fara lissafin kuɗin makaranta, ki zauna da maigidanki ku yi lissafin wannan, domin shi ne zai hana ki barci a can.

A Manchesta jirginmu ya sauka, tafiyar kamar awa ɗaya ce daga nan zuwa Libaful. Garin yana arewa maso yammacin Ingila, a inda kogin Mersey yake faɗawa teku. Iska ce ta fara yi mini sannu da zuwa, mai sanyi da laima, wadda ke juya lema ta koma kamar kwando. Sai da na yi asarar lema biyu kafin na gane dalilin da ya sa mutanen gari suka fi dogara da rigar ruwa mai hula. Ki nemi irinta, da takalmin da ruwa ba ya shiga, da rigar ciki mai ɗumi da za ki sa ƙarƙashin abayarki.

Abu na biyu shi ne harshensu. Na tafi ina taƙamar na iya Turanci, amma ranar farko direban bas ya yi mini magana sau uku ban kama ko kalma ɗaya ba. Suna da karin harshe nasu na daban, mai sauri da ƙaƙi a maƙogwaro, har sauran Turawan Ingila kan tsokane su da shi. Da na fara ganewa kuma sai na ji mai shago yana kirana da kalmar da ma'anarta ita ce masoyiya. Na haɗe rai, ni matar aure! Ashe haka suke ce wa kowa, tsohuwa da yarinya, kamar yadda mai kayan miya zai ce miki hajiya. Mutane ne masu son hira da barkwanci, kuma in kika tambayi hanya, wani har raka ki zai yi. Al'adarsu ce in za a sauka daga bas a yi wa direba godiya, ni ma na ɗauka.

Asabar ɗina ta farko na gangara bakin ruwa. Can za ki ga wani dogon gini da aka kammala a 1911, da gumakan tsuntsaye biyu a samansa, su ne tambarin garin. Kusa da shi akwai tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Albert Dock wadda aka buɗe a 1846, yanzu ta koma wurin shaguna da gidajen tarihi. Kogin kansa abin kallo ne: sau biyu a yini ruwan yake cika ya janye, wani lokaci bambancin ya kai kusan mita 10. Sai dai ki yi hankali da fararen tsuntsayen teku, sun fi shirwar mahauta rashin kunya. Ina tsaye ɗaya ya fizge mini gurasa daga hannu.

A wannan bakin ruwa na gane ashe garin ba baƙonmu ba ne. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da fatu da audugarmu kan gangara Legas, daga nan jiragen ruwa su kawo da yawa daga ciki Libaful. Kamfanonin John Holt da Elder Dempster, da iyayenmu suka san sunayensu, nan ne mazauninsu. Daga 1951 zuwa 1972 jirgin fasinja mai suna Aureol yana zirga-zirga tsakanin Libaful da Legas, tafiyar kusan mako biyu, kuma ɗalibanmu na wancan zamani da dama a cikinsa suka zo. Haka kuma a nan aka kafa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi a 1898, inda Ronald Ross ya koyar, mutumin da ya tabbatar sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro.

Akwai kuma tarihi mai ɗaci. Kafin Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen Libaful sun kwashi 'yan Afirka kimanin miliyan ɗaya da rabi zuwa ƙasashen Amurka, kuma da wannan dukiya aka gina wani ɓangare na garin. Majalisar birnin ta nemi afuwa a 1999, aka kuma buɗe gidan tarihin bauta a 2007. Na shiga na ga sarƙoƙi da mari, na fito jikina a sanyaye. An rufe shi a farkon 2025 domin gyara, sai ki tambaya kafin ki je.

Wurin da ya fi kwantar mini da hankali wani gida ne a Brougham Terrace. Wani lauya ɗan garin, William Quilliam, ya musulunta a 1887 bayan ya ziyarci Maroko, ya ɗauki sunan Abdullahi, kuma a 1889 ya buɗe masallaci a wannan gida, wanda ake lissafawa cikin masallatan farko a Ingila. Ya kafa gidan marayu da jarida, kuma shi Sarkin Daular Usmaniyya ya wakilta zuwa Legas a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta Bey. Cikin waɗanda suka fara bin sa akwai Fatima Cates, wadda ta musulunta tana budurwa, ta sha tsangwama daga danginta da mutanen gari, amma ta dage har ta zama ma'ajin ƙungiyarsu. Ta rasu a 1900, kabarinta ya zauna ba alama har 2022. Bayan Quilliam ya bar Ingila a 1908 gidan ya koma ofishin rajistar aure da haihuwa, sai a 2014 aka sake buɗe shi don salla. Ranar da na yi Juma'a a can na tuna da Fatima, na ji kaɗaicina ya ragu.

Batun tukunya kuwa, kada ki damu. Unguwar Toxteth ta daɗe da 'yan Yaman da Somaliya waɗanda kakanninsu suka zo aikin jirgin ruwa, kuma a can masallacin Al-Rahma yake. A titin Lodge Lane za ki samu naman halal, da shagunan da ke sayar da doya da manja da attarugu. Amma kuka da daddawa da yajin gida, gara ki taho da abinki. Ki bar kilishi da dambu a gida, domin dokarsu ta hana shigo da nama daga ƙasashenmu. Ki riƙa karanta bayan kwalin kayan zaƙi, wasu akwai sinadarin alade a ciki.

Jarrabawa ta gaskiya hunturu ce. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, ta faɗi kafin ƙarfe huɗu, har Azahar da La'asar da Magariba duk su same ki a makaranta, don haka ki nemi ɗakin salla tun makon farko. A Yuni kuwa sai kusan goman dare ake Magariba. Duhun nan yana taɓa zuciya. Akwai daren da autata ta ƙi karɓar waya, ta ce ba ta magana da ni, na yi kuka har na buɗe akwati. Wata dattijuwa 'yar Somaliya da muka saba a masallaci ita ta zaunar da ni, ta ce watanni ne, in ƙirga waɗanda suka wuce. Daga nan na tsayar da lokacin waya kullum bayan yara sun ci abincin dare, muna yin aikin makaranta tare. Ki lura, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Najeriya yana gaban nasu da awa ɗaya, sauran watanni kuwa daidai suke.

Ki yi rajista da likitan unguwa da zarar kin sauka, kada ki jira ciwo. Hukumar lafiyarsu tana ba masu duhun fata da masu rufe jiki shawarar shan ƙwayar bitamin D duk shekara saboda ƙarancin rana. Sannan kada ki kulle kanki a ɗaki. Ki nemi 'yan'uwa mata a masallaci da makaranta, matambayi ba ya ɓata.

Na dawo da takardar shaidata, da jajayen rigunan ƙwallo uku da yara suka matsa mini a kansu. A filin jirgi autar ta ɓuya bayan kakarta na ɗan lokaci, kafin ta sheƙo ta riƙe mini mayafi. In tafiyar ta kama ki, ki yi istihara, ki samu yardar maigida, ki bar yara a hannun da kika amince da shi. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.