Tekunmu na Bakolori

Ranar Talata Malam ya nuna mana tsibirin Vancouver a taswira, can gaɓar tekun Pasifik a Kanada. Muka yi tsit, don a ajinmu babu wanda ya taɓa ganin teku.

Mu dai Bakolori muke da shi. An datse gulbin Sakkwato kusa da Maradun, aka gama dam ɗin a 1978, kuma da ruwansa ake noman shinkafa da tumatir har Mafara da Bakura. Kakanninmu ba sa son zancen. Gonaki da ƙauyuka sun nutse, a 1980 kuma aka harbe manoman da suka nemi diyya.

Mun roƙi a kai mu mu gani da idonmu, aka ce hanya ba lafiya. Shekara biyu ke nan muna jira.