Yadda Wani Bajamushe Ya Ga Birnin Bauchi A 1867

Duk matafiyin da ya fito daga Gombe ya doshi Bauchi, kafin ya shiga gari sai ya ratsa Inkil, watau inda Malam Yakubu ya yi zango da jama'arsa kafin ya kafa birnin a shekarar 1809. Ta wannan sashe na gabas ne wani Bajamushe mai suna Gerhard Rohlfs ya ɓullo wa Bauchi cikin watan Janairu na 1867.

Shi wannan mutum ya taso daga Tarabulus tun 1865, yana amsa sunan Mustafa. Ya ƙetare hamada, ya sauka Kukawa wurin Shehu Umar. Ga wanda ya shafe wata da watanni cikin rairayi da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Barno, Bauchi wata duniya ce dabam: birni ne a kan tudu, ganuwa ta kewaye shi, duwatsu kuma sun kewaye ganuwar. Ya ƙiyasta mutanen cikinsa sun kai 150,000. Ƙiyasin ido ne, ba ƙidaya ba, amma ya isa shaida cewa garin ya cika masa ido.

Sai dai bai tarar da Sarki Ibrahim ɗan Yakubu a fada ba. Sarki yana sansaninsa na Rauta, domin a zamanin nan yaƙi da mutanen duwatsu, musamman na Ningi, ya hana ƙasar sakat. Wannan kuwa ba ƙaramin gargaɗi ba ne ga baƙo, gama duwatsun da suka ƙayata masa birni, irinsu ne zai shiga da zarar ya bar ƙofar gari. Ya kuma san cewa ɗan ƙasarsu Eduard Vogel, wanda ya zo Bauchi a 1855, bai koma gida ba, an kashe shi a Wadai a 1856.

Duk da haka ya ɗaura kaya ya yi yamma, ya wuce Dutsen Zaranda, ya bi ta cikin tsaunuka har Keffi. Daga can ya gangara Binuwai da Lakwaja, ya isa Ikko kafin tsakiyar shekarar.

Yau mota kan kai mutum daga Bauchi zuwa Jos cikin kamar awa biyu, ganuwa kuma galibinta ta zaizaye. Zaranda dai yana nan inda Rohlfs ya bar shi.