Takardar Injiniya da Buhun Gawayi

A zangunanmu, daga Garu har Bawku, kalmar injiniya tana da nauyin da ya fi na sana'a. Idan yaro ya samu shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, ba gidansu kaɗai ne ya shiga ba. Akwai kuɗin albasar kawunsa a ciki, da adashen uwarsa, da tunkiyar da aka yi niyyar ajiyewa don layya aka kai kasuwa. Mu tsiraru ne a ƙasar Kusasi, ba mu da gona mai faɗi, ba mu da sarautar ƙasa. Jarinmu fatauci ne da karatu. Saboda haka duk takardar shaidar da ta shigo zango, kowa yana ganin yana da kaso a cikinta.

Wannan ne ya sa maganar wani ɗanmu ta ƙi mutuwa a majalisu. Ya karanta aikin injiniyan inji, ya samu aiki a wata masana'anta a kudu, albashi yana shigowa kowane ƙarshen wata. Sai ga labari cewa ya ajiye aikin, yana bin masu gwangwan yana sayen tsofaffin sarƙoƙin babur, da marafan kwalba, da yagaggun buhuna, yana haɗa su yana rataye wa a bango. Wasu suka ce sammu ne. Wasu suka ce boko ne ya yi masa yawa. Mahaifiyarsa tambaya ɗaya ta yi, kuma ita ce tambayar da ta fi kowace ƙarfi: wa zai saya?

Kafin mu yanke masa hukunci, ya kamata mu dubi Tamale, wadda ba ta da nisa da Yendi da Salaga. A can aka haifi Ibrahim Mahama a 1987. (Ba attajirin nan ƙanen shugaban ƙasa muke nufi ba, mai kamfanin Engineers and Planners, suna ne ya zo ɗaya.) Shi zane ya karanta a Kumasi, ba injiniya ba ne, amma kayan aikinsa mun fi kowa saninsa: buhun algarara. Ana saƙa buhunan nan a Indiya da Bangaladash, a shigo da su don zuba koko. In sun gama wannan hidima sai su faɗo kasuwa, su ɗauki masara, su ɗauki shinkafa, daga ƙarshe su ƙare a hannun masu gawayi, sun yi baƙi, an yi musu faci, ga sunayen 'yan kasuwa an rubuta a jikinsu. Waɗannan yake karɓa, ya sa a ɗinke su wuri guda, ya lulluɓe manyan gine-gine da su. A 2015 an lulluɓe wani dogon lungu da su a babban baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya, a 2017 kuma a Kasel ta Jamus.

Mu jikokin fataken goro bai kamata wannan ya zama mana baƙon karatu ba. Kakanninmu da suka riƙa zuwa Salaga daga Kano da Katsina, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, sun san cewa ƙunshin kaya yana ba da labarin hanyar da ya biyo. Ɗan kasuwar albasa a Bawku yana duban buhu ya gaya maka hannun wa ya fito. Abin da Mahama ya yi shi ne ya sa Turawa tsayawa su karanta abin da ɗan dako ya daɗe yana ɗauka a ka ba wanda ya dube shi.

Abin da ya fi jan hankalinmu ma shi ne inda kuɗin ya koma. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a Tamale, ya biyo da wadda ake kira Red Clay a bayan gari, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama da yara ke shiga su ɗauki darasi. Ya sayi wani rumbun siminti na zamanin Nkrumah, wanda aka watsar bayan juyin mulkin 1966, ya mayar da shi wurin baje koli. Har taragon jirgin ƙasa ya sa aka ɗauko daga kudu a bayan manyan motoci. Tun zamanin Turawa layin dogo bai taɓa isowa arewacin Gana ba. Injiniyoyin gwamnatoci sun yi ta zana shi a takarda, amma taragon da yaran Dagomba suka fara taɓawa da hannunsu a ƙasarsu, mai ɗinkin buhu ne ya kawo shi.

Akwai kuma dattijo El Anatsui, haifaffen Anyako a 1944, wanda ya koma koyarwa a jami'ar Nsukka ta Najeriya a 1975. Marafan kwalba yake daddaɓewa, a huda su, a ɗaure da wayar jan ƙarfe, har su zama shimfiɗa mai kama da zanen kente wadda ke cika bango. Wanda kuwa ya bi ainihin hanyar ɗan namu Ba'amurke ne, Alexander Calder. Ya kammala karatun injiniyan inji a 1919, ya yi ayyuka iri-iri, sannan ya shiga makarantar zane a 1923, ya tafi Faris a 1926, inda ya riƙa ƙera 'yan wasan kwaikwayo da waya da tsumma da guntun katako. Ayyukansa da suka yi suna daga baya, faranta ne na ƙarfe masu lilo a iska, kuma ba za su tsaya daidai ba sai da lissafin nauyi. Karatunsa bai faɗi ƙasa banza ba.

Sai dai kada mu yi saurin tafi. Mahaifin Calder da kakansa masassaƙa ne sanannu, mahaifiyarsa mai zane. Da ya bar aiki, gida ya koma. Namu kuwa ƙanne ne a bayansa masu jiran kuɗin makaranta. Kuma a kan kowane Mahama ɗaya akwai masu yawa da ayyukansu ke cin ƙura a ɗakin haya. Masu sayen irin wannan kaya suna Akra da Landan da Legas, ba su cikin kasuwar Garu. Wanda ya ce tsoron uwar nan jahilci ne bai taɓa biyan kuɗin jami'a da ribar ƙosai ba. Haƙƙin da ke kansa na nan, fasaha ba ta ɗauke shi.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce aikin ƙasƙanci ne don daga bola ya fito. Tukunyar dalmar da ake dafa abincin biki a kowane zango, narkakken tsohon inji ce da gwangwani. Fitilar aci-balbal da iyayenmu suka yi karatun allo da ita, gwangwanin madara ce. Takalmin taya ya kai manoma gona shekaru aru-aru na zamaninmu, kuma babu yaron da ya tashi a cikinmu bai ƙera motar langa-langa ko ta kara ba. 'Yan arewa ne suka cika kasuwar ƙarafa ta Agbogbloshie kafin a rushe ta a 2021. Masu damuwa da batun siffa kuma su lura cewa yawancin waɗannan ayyuka ba su da fuska ko ido. Sun fi kusa da adon gini na Zariya da aikin dukawa.

Mun fi son a yi wa yaron tambayoyin da ake yi wa kowane mai sabuwar sana'a. Nawa ne jarinka? Wata nawa za ka iya riƙe gida kafin ciniki na farko? Za ka riƙa karɓar aikin walda da gyaran injin niƙa a gefe, ko girman kai zai hana? Maƙeran da ke narka maka ƙarfe da matan da ke yi maka ɗinki, za a ambaci sunansu, kuma nawa ne ladansu? Ya amsa wasu, wasu kuma ya ce a ba shi damina biyu. Kawunsa mai albasa bai ce ya yarda ba, amma ya daina sayar wa masu gawayi tsofaffin buhunansa. Yana tara su a bayan shago.