Ruwan Rijiya a Motar Baba

Da aka zo rabon gado, ba wanda ya yarda a sayar da motar Baba. Peugeot 504 ce fara, haɗin Kaduna. Mu huɗu muka yi karo-karo don a tayar da ita, saboda Inna ta ce a cikinta take so a kai autarmu ɗakin miji.

Bakanike ya kwance tiyon lagireto na sama, sai ga jan ruwa kamar kunun kanwa. Gurbin tamostat kuma wayam. Baba ne ya sa aka cire shi tun muna yara, wai ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Allah ya jiƙansa, a nan kam bai yi daidai ba. Aikin wannan ɗan ƙarfe shi ne ya tare ruwa har injin ya ɗumama, sannan kakin da ke cikinsa ya narke ya buɗe hanya. Idan babu shi, injin yakan daɗe bai yi ɗumi ba, ya sha mai, ya ci kansa. Sai muka tuna safiyoyin hunturu, muna makara zuwa makaranta, motar tana ta tari.

A kasuwa aka zube mana iri uku: mai 75, mai 82, mai 88. Lambar tana jikin kowanne, ita ce zafin da yake fara buɗewa. Yaya ya so mafi araha. Muka yi ta musu, har muka lalubo littafin motar a akwatin Baba, muka bi lambar da ke ciki. A gida muka jefa sabon a tukunya bisa wuta, Inna tana mitar an ɓata mata tukunyar miya. Kafin ruwan ya tafasa ya buɗe baki.

Tsatsar ce ta fi ba mu kunya, don mu ne muke ɗebo ruwan rijiya kullum mu ɗura. Gangar injin ƙarfe ce, kansa alminiyam, ruwa mai gishiri kuwa cin su yake yi. Sau uku aka wanke kafin ya fito fari, aka zuba ruwan lagireto na kanti mai maganin tsatsa. Bakanike ya ce duk shekara biyu a sauya.

Ranar kai amarya allurar zafi ta hau tsakiya ta tsaya. Inna tana gaba, a kujerar da ta saba zama, ba ta ce komai ba har muka isa.