DAIDAI HANNUNTA, DAIDAI ALJIHUNA

'Yar'uwa mai karatu, mu mata babu mai koya mana ciniki. Miƙa wa mace atamfa ta murza da yatsa biyu, nan take za ta gaya miki ko za ta yi zuba. Nuna mata kwanon samira ta ƙwanƙwasa, ta san mai ƙwari da mai lanƙwashewa. Amma akwai kayan da iyayenmu ba su taɓa riƙe hannunmu sun kai mu sayensa ba, shi ne abin kiɗa. Muna rawa da shi a gidan biki, muna yi wa mai shi liƙi, amma a ce yau ga Bahaushiya matar aure ta ɗauki jaka ta fita neman abin kiɗa da kuɗinta, sai a yi ta kallonta kamar ta zo sayen jirgin sama. Ni na yi wannan fitar, wata uku ina yi, shi ya sa na ga ya dace in rubuta, ko wata za ta huta da wahalar da na sha.

Dalili kuwa 'yata ce ta fari, wadda kun san ba zan kama sunanta ba. Tana da sikila. Duk uwar da ke da mai wannan lalura ta san yadda hunturu yake a gidanta: sauran yara suna tsakar gida suna 'yar gala-gala, taki tana ɗaki a ƙudundune da safa da rigar sanyi, kina bin ta da kofin ruwa. A sanyin farkon 2024, tana da shekara 11, mun yi kwana tara a asibiti. A nan ne ƙanena, kawunta, ya nuna mata wata yarinya a waya tana kaɗa wani ɗan abu mai kama da jita, amma ƙarami, mai tsirkiya huɗu. Kallo ɗaya ta yi ta haɗiye. Da muka dawo gida Gyaɗi-Gyaɗi, sai na tarar ta samo gwangwanin kifi ta ɗaura masa robar ɗaure kuɗi, tana ta ƙyas-ƙyas a kan gado. Dariya na fara yi, sai kuma na tuna ai marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da irin wannan gwangwanin aka yi kuntiginsa, an rufe shi da fata, tsirkiya ɗaya tak, kuma da shi ya zaga duniya. Dariyar sai ta tsaya mini a wuya. Rabon da in ga yarinyar nan ta manta da ciwo na awa guda har na manta.

Da daddare na sami maigida da maganar. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Yanzu ke a garin nan kike so a ce 'yata makaɗiya ce?"

Na ce, "Haba maigida, wa ya ce za ta shiga gidan biki? Abin ɗebe kewa ne. Kai kana kasuwa, ni nake ganin yadda take wuni tana ƙirga rufin ɗaki."

Ya yi shiru har na fid da rai. Can ya ce ya yarda, amma da sharaɗi biyu: kada sautin ya tsallake katanga maƙwabta su ji, kuma kada in taɓa kuɗin cefane ko na magani. Ban yi musu ba, don na san ba mugunta ba ce. Haka muka taso. Mutum zai saurari Shata daga Kano har Funtuwa a mota, mace za ta ci ɗamara ta cashe da amadar Barmani Choge, amma kowa yana so makaɗi ya fito daga gidan wani, ba nasa ba. Hukuncin kiɗa kuwa fagen malamai ne, ni dai labarin ciniki nake ba ku.

Sunan abin yukulele. Kawunta ne ya zauna ya karanta mini tarihinsa. A 1879 wasu Turawan Fotugal daga tsibirin Madera suka sauka a tsibiran Hawai, waɗanda yanzu jiha ce a Amurka, don aikin gonar rake, suka zo da 'yan ƙananan jitocinsu. Mutanen wurin suka karɓa suka mai da shi nasu. Girmansa huɗu ne aka fi sani, kuma a nan ne mai saye ke ruɗewa.  Awon da nake nufi a nan shi ne tsawon tsirkiya, daga inda ta tashi a saman wuya zuwa ɗan katakon da ta hau a kan cikin. Ƙaramin, sofrano, wajen inci 13 ne. Mai bi masa, kwansat, 15. Sai tena, 17. Babbansu shi ne bariton, daga 19 zuwa 20. Jita ta manya kuwa inci 25 ce da ɗoriya. Gwargwadon tsawon tsirkiya, gwargwadon tazarar layukan ƙarfen da ke wuya, gwargwadon yadda mai kaɗawa zai ware yatsu.

To ga inda gizo ke saƙa. Ƙananan uku murya gare su siririya mai tsini, irin wadda ke ratsa taga. Bariton shi ne mai murya ƙasa-ƙasa, mai taushi, don ana ɗaure tsirkiyoyinsa daidai da huɗun jita na ƙasa, waɗanda suke kira D, G, B, E. Shi ne zai cika sharaɗin maigida, kuma shi yarinyar ta ji ta ƙwallafa rai. Amma da na ɗauko tef ɗin awon ɗinki na gwada hannunta da yatsunta a jikin muciya, sai na ga inci 20 ya yi mata yawa. Yarinya ce ƙarama ko a cikin sa'o'inta, kuma ba na son abin da zai sa ta riƙa tilasta gaɓoɓin yatsu. Ashe abin da nake nema shi ne mai muryar babba, wuyan ƙarami, kuɗin talaka. Ko a neman miji ba a cika haɗa uku haka ba.

Kuɗin da nake da shi kuwa na adashi ne, na ɗauka na ajiye don buga littafina na gaba. Wadda ta taɓa kai rubutu maɗaba'a da kuɗin kanta ta san abin da nake nufi. Takarda kullum tashi take, yau ka ji farashi, jibi an ce wancan na shekaranjiya ne.

Na fara da kasuwar Tarauni don ita ce a kusa. Can kuwa in tumatir ne ko kaji ko kayan roba, sai kin zaɓa. Wani mai kayan wasan yara ya zaro mini wata jitar roba ruwan hoda, da hoton 'yar tsana, ya ce, "Hajiya ga ta, har waƙa take yi da kanta in an sa batir." Na ce Allah ya kawo kasuwa. Ku kiyayi irin wannan: in kika murɗa kunnen da ke ɗaure tsirkiya kika ga yana komawa da kansa, to abin ado ne, ba zai taɓa riƙe murya ba. Na leƙa manyan kantunan titin gidan Zoo, can ma kayan wasa ne a cikin kwali mai kyau.

Sai Sabon Gari, inda ake sayar da kayan kiɗan coci, ganguna da fiyano da jitoci rataye kamar kilishi. Na sami sofrano guda biyu a wani shago, bariton kuwa babu ko ɗaya. Mai shagon ya ce zai sa a kawo daga Legas in na biya tukuna, ya danna waya ya duba dala, ya faɗi kuɗin da ya haura na buhun shinkafa biyu. Ban ga laifinsa ba. Tun da aka saki Naira a tsakiyar 2023 duk abin da ya hau jirgi ya shigo ƙasar nan ya ninka. Amma in biya abin da ban gani ba, ban gwada a hannun mai shi ba, kuma tsawonsa ma ya wuce awon da na yi? Na ce a bar shi.

A adaidaita sahu ina komawa gida na yi ta tunani, wai mu ba mu da namu ne? Muna da su mana. Ga garaya ta mafarauta, ga molo, ga kukuma irin ta Garba Supa da ake goga wa izga, ga gurmi. Wata maƙwabciyata ta haɗa ni da wani dattijo a can cikin Tarauni wanda ya yi kiɗan gurmi tun yana saurayi. Na je da kawun yarinyar. Ya fito da nasa, ƙoƙon duma an rufe da fata, sanda ta ratsa shi, ya ɗan taɓa, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na gaya masa buƙatata. Bai tambayi inci ba. Ya ce, "'Yata, ki kawo mini igiya daidai tsawon hannunta daga kafaɗa zuwa tsintsiya, sauran aikina ne." Kuɗin da ya faɗa ko na turmin atamfa mai sauƙi bai kai ba.

Na so ƙwarai in karɓa. Abin da ya hana ni shi ne, gurmi ba shi da layuka a wuya da za su nuna wa ɗan koyo inda zai sa yatsa, kunne ne da zama gaban mai koyarwa shekara da shekaru. Babu littafinsa, babu shagonsa, duk ilmin yana kan tsoho irin wannan, in ya tafi ya tafi da shi. Shi kuwa maigida ba zai lamunci makaɗi yana sallama a ƙofar gidansa duk yamma ba. Abin Turawa kuma darasinsa na nan birjik a waya, yarinya na kwance za ta koya. Wannan abu ya dame ni har yanzu: namu yana da araha, ana yin sa daidai jikin mutum, amma ya fi na Hawai wuyar shiga ɗakin 'yar Kano.

Mafita ta zo ta inda ban zata ba. Akwai dillaliyar da ke shigo mana da kayan gwanjo, tsohuwa mai wayon tsiya, na taɓa nuna mata hoton a waya. Ran nan da rana tsaka sai ga ta, ta kwance ƙullinta, tsakanin labule da tsohuwar fulas ta zaro shi.

"Uwar ɗakina, ba wannan ne abin naki ba? Wasu ne za su tashi zuwa Abuja, ɗansu ya zo da shi daga karatu ya watsar."

Na danne farin cikina, don in dillaliya ta ga haƙorinki kin gama biya. Katako ne na gaske, tsirkiya biyu sun tsinke, ga ƙarzuwa a baya. Na ɗauko tef na auna: inci 17 cif. Tena ne. Na duba abubuwan da aka koya mini a Sabon Gari. Na hango wuyan ta tsawonsa kamar mai duba ƙaren tabarya, bai karkace ba. Na tura farce ƙarƙashin katakon da ke riƙe tsirkiya a ciki, bai ɗaga ba. Na murɗa kunnuwan huɗu, duk suna tsayawa. Na shafa gefen wuyan ko ƙarfe zai yanki yatsa, lafiya lau. Ta faɗi kuɗi, na ce abin da ba ya ko kiɗa? Ta ce albarka. Muka yi ta ja har ta sha ruwa ta ci ɗumame, daga ƙarshe na ba ta kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka nema a kawo mini daga Legas, na ƙara mata da wani tsohon mayafina da ta daɗe tana yabawa.

Saura murya. Na koma Sabon Gari wurin wani saurayi mai gyaran jita, haifaffen Kano ne, Hausarsa ta fi tawa. Da na yi masa bayani sai ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai kin riga kin samu. Wuya gajere ba ya hana murya ƙasa, kauri ne za a ƙara wa tsirkiya." Ya ɗauko fakitin tsirkiyar jita ta roba mai guda shida, ya ware mafi kauri da mafi siranta ya ajiye gefe, ya ɗaura huɗun tsakiya. Ya ɗan buɗa ramukan da suke bi da wata siririyar zarto don su zauna, ya ɗaure su a kan D, G, B, E. Ya gargaɗe ni da babbar murya kada wani ya ruɗe ni in sa na ƙarfe zalla, don za su fizge katakon cikin, su kuma yanka yatsun yarinya. Ya ce kwana huɗu ko biyar za su yi ta saki, a riƙa ƙara ɗaurewa, kada a ce ya lalace. Da ya kaɗa, sautin bai kai cikar na bariton na ainihi ba, tunda cikin ƙarami ne, amma ga taushi, ga sanyi, kuma daga bakin shagon ma da ƙyar ake ji. Abin da wani zai kira naƙasa, ni shi nake nema.

Yanzu takan zauna da shi bayan ta dawo Islamiyya, ƙofa a rufe. Ranar da jiki ya motsa ba ta iya riƙe shi, sai ta sa a ajiye mata shi kusa da filo. Maigida bai taɓa cewa komai ba, amma na lura in ta fara yakan rage muryar rediyo. Hajiya surukata da ta zo ta gani ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan kuma garayar wace ƙasa ce?" Aka gaya mata. Ta ce to a dai riƙa rufe shi da zane saboda ƙura, kuma kada a bar shi a rana.

Kuɗin adashin da ya rage bai isa maɗaba'a ba, sai da na jira wani zagayen. Masu aiko mini da tambaya ina kashi na biyu na littafin da na yi alkawari kafin azumi, to ga inda ya tsaya. Igiyar awon hannun kuwa na yanka na kai wa dattijon nan na Tarauni, ya ce in ba shi zuwa bayan kaka, sai duma ya bushe.