Ni da Harafin P

Kimanin shekara 20 da suka wuce, bayan na kammala digirina na aikin koyarwa, aka tura ni hidimar ƙasa wani ƙaramin gari a Jihar Oyo. A wannan tafiya ce na fara ƙetare Kogin Kwara ta gadar Jebba. Na tafi ina ji da kaina, domin tun daga firamare har jami'a ban taɓa faɗuwa jarrabawar Turanci ba. Na san nahawu, na iya rubuta wasiƙa da insha'i, kuma a gidanmu ni ne mai karanta wa jama'a duk takardar da ta zo daga ofis.

Ranar Litinin ta farko, a taron safe, shugaban makaranta ya gabatar da ni, sannan ya ce in gaisa da ɗalibai. Na hau kan dakali, na ga yara suna ta surutu, sai na ɗaga murya don in ce su saurara. Abin da na yi niyyar faɗa shi ne, "Please, pay attention." Abin da ya fito daga bakina kuwa shi ne, "Flease, fay attention." Wuri ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan dariya ta ɓarke tun daga layin 'yan aji ɗaya har zuwa na manya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban ma san dalilin dariyar ba, domin a kunnena daidai na faɗa. Kafin a tashi makaranta ran nan, na riga na sami sabon suna: Mista Flease.

Makonni uku da suka biyo baya sun yi mini tsawo. Idan na shiga aji, sai in cika allo da rubutu don kada in yi magana da yawa. Kafin in furta jimla sai na auna ta a zuciya, in ga ko akwai harafin p a cikinta, in nemi wata kalmar in musanya. Malamin da ke tsoron bakinsa kuwa ba ya iya koyar da komai. Yara suka daina yi mini tambaya, ni ma na daina tambayarsu. Har na rubuta takardar neman a mayar da ni wata jiha kusa da gida, na ninke ta na sa a aljihu, ina jiran ranar da zan kai.

Akwai wata dattijuwa a makarantar, malamar Turanci, wadda kowa ke kira Mama. Wata rana da aka fita shan iska, ta tarar da ni ni kaɗai a ɗakin malamai. Ta ce, "Ɗana, matso da kujerarka." Ta yago 'yar siririyar takarda daga wani tsohon littafi, ta riƙe ta a gaban leɓɓanta, ta ce "pan". Takardar ta yi tsalle. Ta sake cewa "fan", takardar ta ɗan karkata kawai. Ta ce, "Ka gani? A na farko leɓɓa biyu ne ke rufewa ruf, iska ta taru a bayansu, sannan ta fashe. A na biyu haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa silalewa ta tsakaninsu. Karɓi, gwada."

Na gwada sau goma, takardar ba ta motsa ba. Na ce, "Mama, wataƙila haka Allah ya yi bakina." Ta yi dariya, ta ce in ji nata labarin. Lokacin da take yarinya, idan za ta ce "house" sai ta ce "ouse", idan kuma za ta ce "egg" sai ta ƙara masa h a gaba. Ba ta iya rarrabe "chop" da "shop" ba sai da ta shiga kwalejin horon malamai. Sannan ta ce in koya mata wata kalmar Hausa mai wuya. Na nuna ƙafata, na ce "ƙafa". Ta ce "kafa". Na maimaita, ta maimaita, ba ta ji wani bambanci ba ko kaɗan. Na bayyana mata cewa kafa ita ce dasa abu ko assasa shi, ƙafa kuwa ita ce ake tafiya da ita. Ta riƙe baki, ta ce, "To, ka ga ni ma ina da nawa p ɗin." Ran nan na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Daga baya, da na zurfafa karatu kan ilimin furuci, na fahimci abin da ya faru da ni. Kunnen yaro yana sabawa da sautukan harshen da ya tashi da shi, har ya daina kula da bambancin da harshen nan bai damu da shi ba. A Hausa babu kalmomi biyu da p da f ne kaɗai suka raba ma'anarsu, kuma f ɗinmu da leɓɓa biyu ake yin ta. Shi ya sa kalmomin da muka aro daga Turanci suka koma fensir, fasinja, famfo da firamare. Haka nan Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu ko uku a jere, don haka muka sa wasula a tsakani muka sami burodi da direba da sukudireba. Yarbanci ba shi da sautin v da z da ch. A wasu yankunan ƙasar Ibo kuma l da r kan shiga wurin juna. Sautin th kuwa kusan dukkanmu yake ba wahala: Bahaushe kan mai da shi s ko z, mutumin kudu kan mai da shi t ko d. Wannan duka ba alamar ƙarancin basira ba ce. Sawun harshen uwa ne, kuma kowa da irin nasa. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shi ma Turancin yana da nasa alhakin. Haruffansa 26 ne, amma sautukansa sun kai wajen 44 a karin da ake koyarwa a makarantunmu. Dubi kalmomin though, through, tough da cough: duk sun ƙare da haruffa huɗu iri ɗaya, amma kowace da yadda ake faɗarta. Dalilin yana cikin tarihi. A shekarar 1066 Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, kalmomin Faransanci masu yawa suka shiga harshen tare da salon rubutunsu. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, rubutun kalmomi ya fara tsayawa wuri ɗaya, alhali a daidai wannan zamani furucin dogayen wasula yana kan sauyawa. Mutanen da can suna furta k ɗin da ke farkon knife da knee; baki ya yar da ita, alƙalami ya riƙe. Saboda haka wanda ya koyi Turanci daga littafi kaɗai, kamar yadda na yi, zai iya cin jarrabawar rubutu da kyau alhali bakinsa na faɗin wani abu dabam. Rubutun Hausa ya fi bin furuci, amma shi ma ba ya nuna komai. Gari da ake zama a cikinsa da garin da ake tuwo da shi rubutunsu ɗaya, sai kunne ne zai gaya maka wane wasali aka ja, wane kuma aka sauke wa murya.

Wani zai ce, tunda an gane abin da nake nufi, mene ne na wahalar da kai? Amsar ita ce ba kullum ake ganewa ba. A tashar motar garin nan na taɓa yin cacar baki da yaron mota, domin ya ce fifty na ji fifteen, na miƙa masa abin da bai kai ba, shi kuma ya ɗauka rainin wayo ne. Bambancin kalmomin biyu ya fi fitowa a gaɓar da ake dannawa: a fifty ta farko ce, a fifteen ta ƙarshe. A tasha abin ya tsaya ga 'yan kuɗi kaɗan. Amma a ce ma'aikaciyar jinya ce ke karɓar umarnin likita ta waya game da yawan maganin da za a ba maras lafiya, to rai ne a tsakani. Matuƙan jiragen sama, waɗanda Turanci ne harshen aikinsu a tsakanin ƙasashe, an tsara musu su ce "tree" a madadin three, "fife" a madadin five, da "niner" a madadin nine, don kada lamba ta rikice a rediyo. Wannan ya nuna cewa manufar gyara furuci ita ce wanda ke sauraronka ya fahimce ka ba tare da wahala ba.

Don haka ba na koya wa kowa ya riƙa magana ta hanci don a ce ya yi kama da mutumin Landan. A Ingila kanta mutumin Liverpool da na Landan ba sa furuci iri ɗaya, balle a je Amurka ko Indiya ko Jamaika. Masu amfani da Turanci a matsayin harshe na biyu sun fi waɗanda suka tashi da shi yawa a duniya. A watan Janairun 2020, babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, daga ciki har da danfo, okada da Kannywood. Muna da haƙƙin muryarmu, matuƙar ta fita sarai. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, malamin makaranta ne da ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma je Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945. Saboda daɗin Turancinsa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, kuma da wannan murya ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960, lokacin da aka karɓi Nijeriya a cikinta. Shi ne kuma ya rubuta littafin Shaihu Umar da Hausa. Ƙwarewarsa a harshen aro ba ta raba shi da na gado ba.

Amfanin Turanci a ƙasarmu a fili yake. Muna da harsuna fiye da 500. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce da Turanci za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma a jarrabawar WAEC akwai takarda guda da ta keɓanta ga sautuka da danna gaɓa da karin magana. Littattafan kimiyya da likitanci da shari'a, da kaso mai yawa na abin da ke intanet, da shi aka rubuta su. Amma ni amfanin da na fi tunawa ya fi waɗannan kusa da zuciya. Ni ba na jin Yarbanci a lokacin, Mama ba ta jin Hausa. Ba don Turanci ba, da ba ta sami hanyar da za ta ce in matso da kujerata ba, da kuma na kai takardar nan ta aljihuna.

Na yaga takardar neman sauyin, na yanka ta siri-siri, na riƙa atisaye da ita. Kowace safiya bayan sallar asuba nakan tsaya gaban madubi minti 10 ina jera kalmomi bibbiyu: pan da fan, pull da full, copy da coffee, vote da boat. Da dare in saurari labarai a rediyo, in riƙa maimaita jimlolin mai karantawa. Na kuma yi abin da na fi tsoro: na gaya wa 'yan ajina cewa duk wanda ya ji na yi kuskure ya ɗaga hannu, ni kuma zan koya masa kalmar Hausa guda. Cikin wata biyu hannuwan suka ragu, yaran kuma suka iya gaisuwa da ƙirga da Hausa. Yau da gobe ba ta bar komai ba.

Ranar da aka yi mana bikin ban kwana, da gangan na buɗe jawabina da cewa, "Please, permit me to appreciate the principal, the parents and the pupils." Ban kai ƙarshen jimlar ba yara suka kaure da tafi. Na hango Mama a gefe tana ɗaga 'yar takarda.

Yanzu Hausa nake koyarwa ga ɗaliban da ba ita ce harshensu na gida ba, wato irinku. Kowace shekara nakan ga yaron da ya ce daka a wurin ɗaka, ko bata a wurin ɓata, aka yi masa dariya, ya sunkuyar da kai, ya ƙudura ba zai sake buɗe baki ba. Na san abin da yake ji. Nakan kira shi gefe in ba shi labarin Mista Flease, in kuma gaya masa cewa har yau, idan na gaji ko na yi sauri, tsohuwar f ɗina takan leƙo, in gyara in wuce. Sannan in ce ya dafa maƙogwaronsa da yatsa, ya saurare ni da kyau, mu sake gwadawa tare.