Duwatsun Sitonhenj da Dare Mafi Tsawo

A kudancin Ingila, mil 8 arewa da garin Salisburi, akwai wani fili fetal inda aka kakkafa manyan duwatsu a kewaye. Sunan wurin Sitonhenj. An soma aikinsa wajen shekara 3000 kafin haihuwar Almasihu. Manyan duwatsun sukan kai nauyin tan 25. Ƙananan kuwa daga ƙasar Wales aka jawo su, tafiyar mil 150, ba mota, ba jirgin ƙasa.

Me ya sa mutanen dā suka sha wannan wahala? Ga alama saboda rana ne. A can, ran 21 ko 22 ga Disamba, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, wajen ƙarfe 4 kuma ta faɗi. Daga nan sai yini ya soma ƙaruwa. Magina sun jera duwatsun daidai da inda rana take faɗuwa a wannan maraice. A wani kufai kusa da wurin an tono ƙasusuwan aladu masu yawa da aka yanka da hunturu, alamar an yi babban biki ke nan.

Tun 1978 aka hana jama'a shiga tsakanin duwatsun, amma da asubar wannan rana akan buɗe musu. Dubbai sukan taru cikin sanyi mai ratsa ƙashi, suna kaɗa ganguna, suna jiran fitowar rana. A cikinsu akwai masu bin addinin Wika, waɗanda suke kiran bikin Yul. Sun ce a daren nan ne allahiyarsu take haifar allahn rana. A gida sukan kunna kyandir, su ƙona gungumen itace, su yi ado da ɗanyen ganye.

Duwatsun tsofaffi ne, amma addinin sabo ne. Wani Bature, Gerald Gardner, shi ya fito da shi fili a 1954. A ƙidayar 2021, mutum 13,000 a Ingila da Wales suka ce shi suke bi.

Kirsimeti takan biyo baya da kwana uku ko huɗu. To, iyaye, idan yaro ya tambaya ko bikinmu ɗaya ne da nasu, kada a kore shi. A ce masa ɗan Adam ko'ina yana gudun duhu, yana marmarin haske. Amma rana halitta ce, baɗi ma za ta sāke ja da baya. Mu haihuwar Wanda ya yi ranar muke murna da ita.